Farcen Karen Surajo

Karnuka uku aka wayi gari da su a mace a Tungar Altine, wata Talata cikin bazarar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi. Biyu na kwance a gindin bandar Inna Barira mai kifi, na ukun yana can bakin hanyar ruwa, duk bakinsu ya yi kumfa, ƙafafu sun sandare. Kafin hantsi ya dubi ludayi, tungar kaf ta yanke hukunci cewa ƙwayar malamar dabbobi ce ta kashe su.

Tungar Altine ƙauyen masunta ne a gaɓar tafkin Kainji, tafiyar awa guda daga Wara. Mutanenta ba masu ƙaunar kare ba ne, amma ba su iya zama babu shi, don shi ke tsare kifin banda daga muzuru da ɓarawo, shi ke korar biri daga gero. Karnukan nan kuwa duk ƙazuwa ta cinye su, gashi ya zube, farata sun tsattsage. A haka Malama Lubabatu ta same su. 'Yar Shanga ce, sabuwar gwamnati ta turo ta Wara tana yi wa awaki da shanu allura, takan zo tungar duk Litinin ta kwana wurin Inna Barira. Tausayi ya sa ta fara kawo wasu ƙwayoyin bitamin masu ruwan ɗorawa, masu ƙarnin man kifi, tana ba duk wanda ya nema. Mutane suka yi ta dariya, wai mutum bai samu ba kare ya samu. Wata uku ana wannan dariya, sai ga gawa uku.

Sarkin Ruwa Haliru ya aika a kira Ɗangana mai bin sawu.

Ɗangana ya haura sittin. Ya yi farauta tun kafin ruwan dam ya ci tsohuwar gonar ubansa, kuma daga Ngaski har Shanga an san in sa ya ɓace shi ake nema. Ya iso da sandarsa, karyarsa Shazagi na biye, gashinta yana sheƙi kamar an shafa mata man shanu, don ita ma ƙwayar malama take sha.

Sarkin Ruwa ya ce, "Ɗangana, ba wani dogon aiki ba ne. Shaida kawai muke so ka yi, a rubuta wa Wara cewa yarinyar nan ta kashe muna dabbobi. Kahin la'asar ta bar garin ga."

Ɗangana ya ce, "Ranka shi daɗe, in an riga an san mai laihi, mi anka kira ni in yi?"

Wani ƙaƙƙarfan mutum ya ratso taron. Surajo ne, ɗan ƙanwar Sarkin Ruwa, masunci, kuma mai kare na uku. Ya ce, "Baba Ɗangana, wata biyu cur ina ɗura wa karena ƙwayar nan, kullum safe. Jiya ma na ba shi. Yau ga shi can. In da ɗiyanmu sunka haɗiye fa?"

Taron ya ɗau guna-guni. Ɗangana ya dubi ƙasa. Ƙafafu sun fi ɗari da suka tattake wurin, babu sawun da ya rage. Ya ce, "Kada kowa shi taɓa gawar nan sai na dawo. Ba ni sa hannu ga abin da ban gani ba."

* * *

Inna Barira ya fara tambaya. Ya same ta zaune kan turmi, idanu sun yi ja, wutar banda ta mutu ba ta kula ba.

Ta ce, "Shekara shida karena Duna na tsaron bandar nan. Tun da maigidana ya rasu ban san ɓarawo ba. Yanzu wa zai tsare min?"

"Mi sunka ci jiya?"

"Ƙanzon tuwo da kan tarwaɗa, abin da muka ci. Da asuba na ji sun fita, kamar yadda suka saba. Da suka dawo suna tangaɗi, suna faɗuwa suna tashi."

"Kina zargin baƙuwarki?"

Barira ta rage murya. "Ni ba ita nike zargi ba. Ka tambayi Ladan. Ranar Juma'a Duna ya lashi butarsa, ya rantse gaban mutane sai ya ga bayan karnukan garin ga."

Ɗangana ya sami Ladan a inuwar masallaci yana ɗinkin tabarma. Tsoho ne siriri mai saurin fushi, bai ma bari an gama tambaya ba.

"Na faɗa, kuma ban janye ba! Kare najasa ne, ba ni son shi kusa da alwalata. Amma in ba shi guba? Ni? Rai ne fa, Ɗangana. Jifa nike yi, kowa ya san jifa nike yi." Ya janye zanen da ya rufe ƙafarsa, sai ga ta a kumbure, ɗaure da tsumma. "Ƙayar ƙurungu ta soke ni tun Asabar. Da sanda nike ɗingisawa zuwa kiran salla. Da wace ƙafa zan bi kare?"

Ɗangana ya duba ƙofar ɗakinsa da ke jikin masallacin. Sawu ɗaya ne na ƙafar dama, kusa da shi ramin sanda, daga ɗaki zuwa masallaci, bai wuce nan ba. Ya yi masa sannu ya tafi.

* * *

An tsare Lubabatu a zauren Sarkin Ruwa, maza sun cika ƙofa. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyar ba, tana zaune da akwatin aikinta a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu. Wani ya jefo ƙasa ta taga, ta zuba a mayafinta, ba ta kakkaɓe ba.

Ɗangana ya ce, "Ɗiyata, mi ke cikin ƙwayar nan?"

Ta ce, "Bitamin ne, Baba, da man kifi. Fata yake gyarawa, da gashi, da farce. Ba ya kisa."

Daga ƙofa Surajo ya ce, "Ƙarya take yi!"

Lubabatu ta miƙe. Ta buɗe akwatin, ta zazzago ƙwaya biyu a tafin hannu, ta ɗaga kowa ya gani, ta watsa a baki ta haɗiye ba ruwa.

Ta ce, "To, ku zauna ku jira in yi kumfa. Kuma ku sani, ko an kai la'asar ba inda za ni. Da takarda na zo garin nan, ba da duhu ba."

Abin ya burge Ɗangana, amma bai nuna ba. Jarumta ba shaida ba ce, ya sha ganin ɓarawo ya dafa Alƙur'ani. Ya ce, "Ke kin ba Surajo ƙwaya?"

"Ban tuna na ba shi ba. Amma mata kan karɓar wa mazansu, ba zan rantse ba."

"In kare ya sha wata biyu, ana iya ganewa?"

Ta dubi Shazagi da ke kwance a bakin ƙofa. "Kama dagin karyarka, Baba. Farce daga gindi yake tsirowa. Dubi bakinsa, tsohon ne, duk tsaga. Dubi gindin, sabon ne, sumul. Tsakaninsu akwai zobe kamar an ɗaura zare. Duk karen da ya sha ya kai sati shida, balle wata biyu, za ka ga sabon ya fito."

Ɗangana ya durƙusa ya kama dagin. Shekara arba'in yana karanta sawun kare a ƙasa, bai taɓa juya ƙafar ya dubi abin da ke rubuta sawun ba. Ga zoben nan kuwa, a kowane farce. Ya saki ƙafar, ya fita.

* * *

Ƙudaje sun fara taruwa a kan gawarwakin. Ya sa ganyen kalgo ya kama dagin Duna. Zobe na nan, gindin farce sumul, gashin bayansa ya cika. Na biyun ma haka. Ya taka zuwa bakin hanyar ruwa inda karen Surajo yake. Wannan kuwa fatarsa duk ɓawon ƙazuwa, kunnuwa sun gwaigwaye, farata sun tsage tun daga baki har cikin nama, na tsakiya a ƙafar hagu ta gaba ya rabe biyu kamar bakin ƙugiya. Babu zobe ko ɗaya. Wannan kare bai taɓa lasar ƙwayar malama ba.

Ɗangana ya daɗe a tsugune. Karen da bai sha ba ya mutu irin mutuwar waɗanda suka sha, ke nan ba ƙwaya ba ce. Kuma mutumin da ya fi kowa ɗaga murya ya yi ƙarya tun da safe. Mutum ba ya yin ƙarya a kan mataccen kare sai in akwai abin da ya fi karen.

Ya zagaya bayan gari inda ƙafafun taro ba su kai ba. Ruwan tafki ya ja baya a wannan lokaci, ya bar laka mai riƙe sawu kamar kakin zuma. Bai yi taku hamsin ba ya ga abin da yake nema, dagi mai rababben farce. Sawu biyu ne, na tafiya da na dawowa. Na dawowa a karkace yake, nan an faɗi, can an ja ciki. Na tafiya kuwa a miƙe, kuma yana taka cikin sawun wani mutum mai takalmin roba, wanda diddigen damansa an liƙe shi da wuta. Karen ya taka lakar tun ba ta sha iska ba, ke nan tare suka tafi. Can gaba sawun karnukan Barira ya shigo, suka bi sahu.

Ya bi su cikin geza da ciyawa har rabin awa. Sai Shazagi ta tsaya, ta ƙi gaba, tana atishawa. Ɗangana ya ɗaure ta a jikin bishiya ya ƙarasa shi kaɗai.

Wani lungu ne da ruwa ya shigo tsakanin duwatsu, masunta na kiransa Lungun Kada. Wari ya fara tarbarsa, irin na maganin ƙwarin gona. Fuskar ruwan ta yi fari fat da 'ya'yan kifi, ciki sama, dubbai, waɗanda ba su kai yatsa ba. Kwaɗi sun mutu. Belbela biyu na kwance a gaɓa. A kan laka ga tarin ƙananan karfasa da aka zaɓe aka watsar, an ci rabinsu, sawun karnuka uku ya kewaye su. Ga shatin kwanduna huɗu da aka ajiye cike, ga inda aka turo kwalekwale aka ɗora su. Sawun takalmin ya ratse zuwa wani kogon dutse. Ɗangana ya zura sanda ya jawo gwangwani, babu komai a ciki sai ɗigon farin ruwa mai kauri.

Ya tsaya yana duban lungun. Nan ne kifin tungar ke zuba ƙwai tun da aka yi tafkin. Ya tuna gobe kasuwar Yelwa, kuma kwando huɗu ba a ci a gida ɗaya. Ya naɗe gwangwanin a ganye, ya juya da sauri fiye da yadda ƙafafunsa suka saba.

Bai shiga gari ta gaba ba. Ya bi ta bayan gidan Surajo ya leƙa ta dangar kara. Banda uku na hayaƙi, cike da manyan karfasa da tarwaɗa. Kallinsa kuwa, ragar da yake su da ita, yana rataye a jikin rumfa, bushe ƙarau, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. A bakin ɗaki ga takalmin roba, diddigen dama liƙe da wuta. Ɗangana ya miƙa hannu ta danga ya ɗauki karfasa ɗaya daga banda, ya sa a aljihu.

* * *

Bayan azahar aka taru a ƙofar Sarkin Ruwa. An ɗauko Ladan an zaunar, Barira ta tsaya daga gefen mata, aka fito da Lubabatu, lafiyarta lau, akwatin na hannunta. Ɗangana ya sa an jawo gawarwakin uku a kan tsohuwar tabarma.

Ya ce, "Surajo, wata nawa ka ce kana ba karenka ƙwaya?"

"Biyu. Na faɗa tun da safe."

Ɗangana ya kira dattawa uku su matso. Ya nuna musu dagin Shazagi, ya nuna na Duna, ya faɗi abin da malama ta koya masa game da zoben. Sannan ya ɗaga dagin karen Surajo. Dattawan suka duba, suka dubi juna.

Ɗaya ya ce, "Wanga kam babu komi."

Surajo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yanzu da akaifar kare za a yi min shari'a?"

"Akaifar ce ta kai ni Lungun Kada."

Ɗangana ya kwance ganyen, ya ajiye gwangwanin a tsakiyar fili. Warinsa ya bugi na kusa, suka ja baya. Babu masuncin da bai san abin ba. Ya faɗi abin da ya gani, 'ya'yan kifi da belbela da shatin kwanduna da diddigen takalmi. Barira ta ɗora hannu a ka.

Surajo ya ce, "Takalmin roba kowa na da shi! Kihina da kalli na kama shi, tsakiyar ruwa!"

"Kallin da gizo ya yi gida a kai?"

Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu, fuskarsa ta ɗaure. "Ɗangana, ka iya bakinka. Yaron nan ni na raine shi. Ni na koya mishi su. Jinina ba ya zuba wa ruwa guba."

Ɗangana ya ce, "Allah shi sa haka ne, ranka shi daɗe." Ya zaro karfasar daga aljihu, har yanzu da ɗuminta. "Wagga daga bandarsa na ɗauko ta. Yarinyar nan ta haɗiye maganinta gabanku. Surajo, kai ma ci kihinka."

Surajo ya dubi kifin. Bai karɓa ba. Ya ce azumi yake yi. Wani daga baya ya ce ya gan shi yana shan fura da hantsi.

Sarkin Ruwa ya miƙe a fusace. "Kawo nan! In ba shi ci, ni in ci, a bar ɓata min zuri'a!" Ya fizge kifin, ya ɓantari tsoka, ya yi bisimilla, ya kai baki.

Surajo ya yi tsalle ya doke hannunsa. "Kawu, kada ka ci!"

Kifin ya faɗi cikin ƙasa. Babu wanda ya motsa. Sarkin Ruwa ya tsaya da hannu a sama, yana duban ɗan ƙanwarsa kamar yau ya fara ganinsa. Surajo ya sulale ya durƙusa, yana cewa kifi ya yi wuya bana, sau ɗaya ne kawai, bai san karnuka za su biyo shi ba, da ya ga sun mutu tsoro ya kama shi, sai ya ga ai baƙuwa ce, in an kore ta shi ke nan.

Ladan ya ce daga inda yake zaune, "Kuma gobe ka kai wa Musulmi su saya su ba ɗiyansu?"

* * *

Nan take aka haƙa rami bayan gari, aka juye bandar Surajo uku a ciki, aka zuba kananzir aka cinna wuta. Da hayaƙin ya lafa, Sarkin Ruwa ya ja Ɗangana gefe. Tsufa ya sauko masa a yini ɗaya.

Ya ce, "Ka yi aikinka, na gode. Amma maganar ga ta tsaya nan. In ta kai Wara, ɗaure shi za a yi, kuma sunan tungarmu ya ɓaci a kasuwa. Ba ni gwangwanin."

Ɗangana ya ce, "Da safe takarda za ka rubuta wa Wara a kan ɗiyar mutane, ba ka ce ta tsaya nan ba."

"Ɗangana, ni ne Sarkin Ruwa."

"Shi ya sa. Lungun Kada ba naka ba ne kai ɗaya. Akwai tunga biyu ƙasa da mu masu shan ruwan nan, ba su san komi ba har yanzu. Sai an faɗa musu, kuma sai hukuma ta sani."

"In ka kai, kada ka sake taka ƙofata."

Ɗangana ya ce, "To." Ya naɗe gwangwanin a ganye, ya saɓa a kan sandarsa.

Sarkin Ruwa ya juya wurin Lubabatu, murya a ƙasa. "Malama, a yi haƙuri. An zalunce ki. Ki ce mishi shi bari."

Lubabatu ta ce, "Haƙurin na karɓa, Baba. Amma ni ma za ni rubuta abin da na gani. Litinin kuma ina nan tafe, akwai awaki sha ɗaya da ban yi wa allura ba."

Sarkin Ruwa ya hana kowane kwalekwale ya ɗauke su zuwa Wara. Matuƙa suka sunkuyar da kai, kowa ya kama gyaran abin da bai lalace ba. Sai Inna Barira ta ɗaura ɗamara da mayafinta, ta shiga ɗaki ta fito da filafilin mijinta da ya shekara shida a jingine. Ta tura tsohon jirginsa cikin ruwa, ta riƙe bakinsa.

Ta ce, "Wanga nawa ne, ba wanda ya saya min. Ku shigo. Mu fara biyawa ta tungayen ƙasa kahin mata su ɗebi ruwan maraice."

Ɗangana ya shiga da gwangwanin, Lubabatu ta bi da akwatinta, Shazagi ta yi tsalle ta haye gaba. Barira ta kafa filafili a laka ta tura, mutanen tunga na tsaye a gaɓa suna kallo. Ba su yi nisa ba suka ji fantsamar ruwa a bayansu. Jirgi na biyu ne, dattawan nan uku da suka duba dagin karen, sun sa Surajo a tsakiya.